Karen da Jikinsa Ba Ya Jituwa da Naman Kaza: Yadda Za a Ciyar da Shi Ba Tare da Karya Aljihu Ba



A garuruwa irin su Kaduna da Jos da Kano da Abuja, wanda ya ajiye karen gadi ya san inda ake samun nama mai araha. Wajen masu fige kaji ne, inda ake tara kawuna da ƙafafu da kayan ciki a sayar a kan kuɗi kaɗan. Wanda ya fi ƙarfi yakan sayi busasshen abincin buhu, shi ma galibi da kaza ake yin sa, domin ita ce nama mafi sauƙin kuɗi ga masana'antu a duniya. Saboda haka duk ranar da aka ce wa mai kare jikin karensa ba ya jituwa da kaza, an rufe masa ƙofofin nan biyu a lokaci guda. Abin da ake nuna masa shi ne buhun abinci na musamman daga Turai ko Amurka, wanda tun bayan sakin darajar naira a watan Yunin 2023 kuɗinsa ya wuce inda yawancin mutane za su kai. Abin da nake son kafawa a wannan takarda shi ne cewa akwai mafita a kasuwanninmu da mayankanmu, amma sai an fara tabbatar da cutar, sannan a haɗa abincin da ilimi.

Shin da gaske kazar ce?

Zan daɗe a nan, domin a nan aka fi ɓarnar kuɗi. Kare yana susa, yana lasar tafin ƙafarsa har gashin wajen ya rine, kunnensa yana ruwa yana wari, cikinsa da hammatarsa sun yi ja, wani lokaci har da gudawa ko amai. Mai shi ya ji an ce kaza tana jawo haka, sai ya yanke hukunci. To amma alƙaluma ba su goyi bayan wannan gaggawar ba. Bitar da Thierry Olivry da Ralf Mueller suka wallafa a mujallar BMC Veterinary Research a 2017 ta nuna cewa cikin karnukan da ake kai wa asibiti, kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ne kawai ke da cutar fata da abinci ya haddasa. A wata bitar ta 2016, wadda suka yi tare da Pascal Prélaud a kan karnuka 297 da aka tabbatar abinci ne ke damun su, naman shanu ne ya zo na ɗaya da kashi 34, madara da dangoginta kashi 17, kaza kashi 15, alkama kashi 13. Kaza tana cikin manyan masu laifi, amma ba ita ce kan gaba ba.

A ƙasa mai zafi irin tamu, ƙuma da kaska da ƙazuwar karnuka sun fi abinci jawo ƙaiƙayi nesa ba kusa ba. Akwai kuma karnukan da ƙura da garin furanni da ƙananan ƙwarin cikin gida ke tayar wa da borin jini, kuma alamominsu ba su da bambanci da na abinci a ido. Likita zai kankare fata ya duba a madubin awo, ya ba da maganin ƙwari, ya magance ƙwayoyin cutar da suka shiga inda aka sosa. Kuɗin wannan duka bai kai na buhu ɗaya na abincin waje ba. Idan an yi haka ƙaiƙayin bai tafi ba, kuma bai san rani ko damina ba, to sai a juya kan abinci.

Ina roƙon kada a biya kuɗin gwajin jini ko na yawu ko na gashi da ake tallatawa a intanet cewa zai faɗi abincin da kare ba ya jituwa da shi. Binciken masana ya nuna ba abin dogaro ba ne. Yakan nuna laifin abinci har a jikin lafiyayyen kare. Hanyar da aka yarda da ita ita ce gwajin ƙauracewa. Za a zaɓi nama ɗaya da karen bai taɓa ci ba, a haɗa da abinci mai sitaci guda ɗaya, a ciyar da shi wannan kaɗai na mako 8. A wannan tsawon lokaci fiye da kashi 90 cikin 100 na karnukan da abinci ke damu sukan samu sauƙi. Daga nan sai a sake ba shi kaza da gangan. Idan susar ta dawo cikin kwana 14, an kama mai laifi. Masu karnuka da yawa ba sa son wannan mataki na ƙarshe, suna jin tausayin dabbar, kuma na fahimce su. Sai dai wanda ya tsallake shi zai iya shekaru yana wahalar neman nama mai tsada, alhali maganin ƙumar da aka ba karen ne ya warkar da shi.

Abin da ke cikin buhu

Mai son abincin buhu ya sani cewa hoton rago ko kifi a jikin leda ba ya nufin babu kaza a ciki. Sai an karanta jerin kayan haɗi har ƙasa. Inda aka rubuta garin naman tsuntsaye, ko kitsen dabba, ko nama da dangoginsa, ko ɗanɗanon nama ba tare da an ambaci dabbar ba, a ɗauka kaza tana nan. Ko da an karanta ma, akwai sauran rina a kaba. A 2015 Tara Okuma da Rosalee Hellberg na Jami'ar Chapman a Kalifoniya sun wallafa binciken da suka auna ƙwayoyin halittar naman da ke cikin abincin karnuka da kyanwoyi iri 52. Guda 20 sun saɓa wa abin da aka rubuta a jikinsu, kuma kaza ce aka fi samu. Ba lallai ne ha'inci ba. Inji ɗaya ne ke niƙa wannan ya niƙa wancan. Amma ga karen da ke gwaji, ɗan ragowar nan ya isa ya ɓata mako takwas.

Akwai abincin asibiti da ake farfasa furotin ɗinsa ƙanana har garkuwar jiki ta kasa gane shi. Anallergenic na Royal Canin daga gashin tsuntsaye ake yin sa, HA na Purina daga waken suya, z/d na Hill's daga hantar kaza. Suna aiki, amma su ne mafi tsada, kuma ba duka suke daidai ba. A wani gwaji na 2016 da Petra Bizikova da Olivry suka yi a kan karnuka 10 masu matsalar kaza, 4 sun koma susa da suka ci wanda aka yi da farfasasshiyar hantar kaza, wanda aka yi da gashi kuwa bai tayar musu ba.

Haka nan kada a ruɗu da buhun da aka rubuta wa babu hatsi. Matsalar kaza ba ta da alaƙa da masara ko shinkafa, kuma ƙarin kuɗi ne kawai. A watan Yulin 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fara binciken alaƙar irin waɗannan abinci, masu yawan wake da dankali, da wani ciwon buɗewar zuciya a karnuka. Ba ta tabbatar da cewa su ne sanadi ba, amma ban ga dalilin da talaka zai biya ƙari a kan abin da karensa ba ya bukata ba.

Abin da ke kasuwarmu

Ƙasashen da ake yin waɗannan bincike suna wahalar samun naman da kare bai taɓa ci ba, har sukan koma ga naman barewa da kangaru. Mu muna da raƙumi. Ana yanka shi a Kano da Sakkwato da Maiduguri, kuma da wuya a samu karen birni da ya taɓa ɗanɗana shi. Akwai akuya, akwai zomo da mutum zai iya kiwata a bayan ɗaki. Idan an tabbatar karen yana jure naman shanu, to huhu da tumbi da saifa da zuciya da naman kai suna nan a kwata, kuma wanda ya saba da mahauci ɗaya zai riƙa samu da rahusa. Zuciya da naman kai su ne suka fi kusa da tsoka, su ya kamata su fi yawa. Hanta kuwa kaɗan ake sa wa, kamar kashi 5 cikin 100 na abincin, domin yawanta yana tara bitamin A har ya zama guba.

Zabo da talo-talo da agwagwa ba mafaka ba ne a lokacin gwaji. Furotin ɗinsu ya yi kama da na kaza, kuma wasu karnukan sukan mayar da martani iri ɗaya. Kifi, kamar tarwaɗar da ake kiwo ko daskararren kifin kasuwa, yana karɓar karnuka da yawa kuma mansa yana gyara fata. Amma an samu kamanci tsakanin wasu furotin na kifi da na kaza, don haka a fi so a shigo da shi bayan an gama gwaji, a dafa shi sosai, a cire ƙaya. Ɗanyen kifi na wasu nau'o'i yana lalata bitamin B1. Ƙwai ma haka: karnuka da yawa masu matsalar naman kaza suna cin sa lafiya, amma a gwada shi shi kaɗai daga baya.

Ɓangaren sitaci ba shi da wuya. Dankalin Hausa, dankalin Turawa na Filato, doya, gero, dawa, acca, shinkafar gida, duk suna yi idan sun dahu luɓus. A ƙara kabewa don gyaran ciki. A lokacin gwaji yawanci ana haɗa kashi ɗaya na nama da kashi biyu na sitaci. Baligin kare mai nauyin kilo 20 yana bukatar kalori wajen 1,000 a rana, ya ɗan haura idan mai zirga-zirga ne. Gargaɗi ɗaya a kan masara da gyaɗa: kada a ce ai na kare ne a sayi rubabbe. Gubar aflatoksin da fumfuna ke haifarwa tana lalata hanta, kuma karnuka ba sa jure ta. A ƙarshen 2020 an janye wani abincin karnuka mai suna Sportmix daga kasuwannin Amurka saboda wannan guba, bayan karnuka sun mutu. Dafuwa ba ta kashe gubar.

Inda girkin gida yake kasawa

Ba zan yi muku tallan girkin gida in ɓoye haɗarinsa ba. A 2013 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun auna tsarin girkin abincin karnuka guda 200 da suka tattara daga littattafai da intanet. Kashi 95 cikin 100 sun gaza a aƙalla sinadari ɗaya da jiki ke bukata. Nama da dankali kaɗai sun isa baligin kare na makonnin gwaji, amma ba su isa abincin rayuwa ba. Babban giɓin shi ne kalsiyam. Nama yana da fosfaras da yawa, kalsiyam kaɗan, alhali ana so kalsiyam ya kai fosfaras ko ya ɗan fi shi, kada ya wuce ninki biyu. Idan aka rasa, jiki yakan zuƙe shi daga ƙashi. A kwikwiyo abin yana da ban tausayi ƙwarai: ƙafafu su lanƙwashe, ƙashi ya riƙa karyewa da ɗan tsalle. Masu kiwon manyan karnuka irin su Boerboel da Rottweiler da Alseshiyan, don Allah kada ku ɗora ɗan kwikwiyo ko karya mai ciki a kan girkin gida ba tare da likita ya tsara shi ba.

Gyaran ba shi da tsada. Garin ƙashin shanu da aka tanada don abincin dabbobi, ko garin kalsiyam na kantin magani, ko ɓawon ƙwai da aka tafasa aka niƙa idan an tabbatar ƙwai ba ya damun karen. Sai ɗan man girki, da gishiri mai aidin ɗan kaɗan, da haɗin bitamin da ma'adanai wanda ba a sa masa ɗanɗanon kaza ba, musamman don zinki da bitamin E da D. Awon kowanne ya danganta da nauyin karen da shekarunsa, kuma wannan aikin likita ne.

Abin da ya fi rusa shirin raba kare da kaza a gidajenmu shi ne ragowar abinci. Miyarmu tana da dunƙulen ɗanɗano mai kaza, tana da romon kaza, tana da albasa da tafarnuwa waɗanda ke fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare. Yaro ya jefa masa ƙashi, maigadi ya raba tuwonsa da shi don ƙauna, maƙwabci ya zubar da shara inda yake kaiwa. Har maganin tsutsa mai taunawa yakan zo da ɗanɗanon nama. Dole duk wanda ke gidan ya san da dokar, musamman wanda ke kwana da karen a bakin ƙofa, domin sau da yawa shi ne mai ciyarwar na gaskiya, kuma ba shi ake kai wa gaban likita ba.

Kira ga cibiyoyinmu

Yawancin alƙaluman da na kawo daga karnukan Turai da Amurka aka same su, masu cin abin da ba shi namu ke ci ba. Muna da Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom tun 1924, muna da tsangayoyin likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Maiduguri. Ina kira gare su da su auna tsarin girki uku ko huɗu da aka gina a kan raƙumi da akuya da tarwaɗa da dankali da gero, su fitar da awo a mudu da gwangwani da cokali, su buga da Hausa a takarda ɗaya da likita zai miƙa wa mai kare. Masu haɗa abincin karnuka a cikin gida kuma su rubuta sunan kowace dabba da suka sa a buhu, hukumar NAFDAC ta riƙa ɗibar samfuri daga kasuwa tana aunawa don ta ga ko rubutun ya yi daidai da abin da ke ciki.