Daga Kamu Zuwa Santimita: Yadda Za Mu Koya wa Ƙananan Yara Awo da Rula

Jawabin da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani na malaman ƙananan azuzuwan firamare

 Ina godiya da aka ba ni wannan dama in yi magana a kan wani darasi da muke ɗauka da sauƙi, alhali yana cikin waɗanda suka fi kuɓuce wa yaranmu, wato auna tsawon abu da rula.

Sau da yawa mukan gama wannan darasi cikin mako ɗaya. Malami ya ɗaga rula, ya nuna lambobinta, ya ja layi a allo, yara su amsa baki ɗaya, sai a wuce gaba. Amma yaron da ya iya karanta lambar da ke jikin rula bai zama lalle ya san abin da yake aunawa ba. Kowannenku na iya gwada wannan gobe da safe. A ɗora fensir a kan rula, gindinsa a kan 3, bakinsa a kan 10, a tambayi aji tsawonsa. Wasu za su ce santimita 10, domin lambar ƙarshe kawai suka duba. Wasu za su ce 8, domin zane-zanen suka ƙirga tun daga 3 har zuwa 10. Waɗanda suka ce 7 su ne suka gane cewa tazarar da ke tsakanin zane da zane ake ƙirgawa. Duk darasin awo a kan wannan fahimta ya rataya, kuma yawan masu cewa 7 a ajinka shi ne ma'aunin aikinka.

Kada wani ya ce ai abin wasa ne, girma zai gyara. Awo yana bin mutum har cikin kasuwa da gona da asibiti. Tela da kafinta da magini da shi suke cin abinci. Manomin da malamin gona ya ce masa ya bar santimita 75 tsakanin kunya da kunya a shukar masara yana bukatar sanin yadda wannan tazara take. A asibitocinmu ana auna kaurin damtsen yara 'yan wata 6 zuwa wata 59 da wani ɗan tef mai launi ja da rawaya da kore, kuma idan awon ya gaza santimita 11.5 yaron yana cikin matsanancin rashin abinci mai gina jiki, sai an gaggauta ba shi magani. A wurare da dama a Nijar da arewacin Najeriya an koya wa iyaye mata yin wannan awo da kansu a gida. Yarinyar da ke zaune a aji biyu a yau, wata rana ita ce za ta riƙe wannan tef, ko a matsayin uwa ko ma'aikaciyar lafiya. A irin wannan wuri 'yan milimita kaɗan ne ke raba yaron da za a ba magani da wanda za a sallama.

Ya kamata mu tuna cewa yaro ba ya zuwa makaranta da kai fanko a kan sha'anin awo. Kakanninmu sun auna zane da kamu, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Sun auna igiyar guga da zurfin rijiya da gaba, sun auna fili da taku. Waɗannan ma'aunai sun yi aiki shekaru aru-aru, sai dai suna da aibi guda: kamun dogo ya fi kamun gajere, saboda haka mai saye da mai sayarwa ba sa rasa gardama. Irin wannan gardama ce ta sa Faransa ta ƙirƙiro mita a shekarun 1790, aka ƙayyade ta a matsayin kashi ɗaya cikin miliyan goma na nisan da ke tsakanin ƙuryar arewacin duniya da layin da ya raba duniya biyu. A 1875 ƙasashe 17 suka sa hannu a yarjejeniyar mita a birnin Paris, a 1983 kuma aka ɗaura ma'anarta a kan gudun haske. Wannan tafiya daga kamu zuwa mita, ita ce tafiyar da kowane yaro yake bukatar ya yi da ƙafarsa a cikin aji. Idan muka ɗauke shi cak muka dire a kan rula, mun hana shi ganin dalilin da ya sa aka yi ta.

To, ta ina za a fara? Matakin farko babu rula a ciki, babu ma lamba. A ba yara kara biyu ko tsinke biyu su faɗi wanda ya fi tsawo. Masanin nan ɗan ƙasar Suwizalan, Jean Piaget, ya nuna cewa idan aka jera sanda biyu masu tsawo ɗaya, sannan aka tura ɗaya gaba kaɗan, ƙaramin yaro yakan ce wanda aka tura ya fi tsawo, domin baki ɗaya kawai yake kallo. Maganin wannan shi ne a saba masa da daidaita gindin abubuwa a wuri guda kafin ya yanke hukunci. Daga nan sai a tambaye shi abin da ba ya ɗaukuwa: faɗin ƙofa da faɗin taga, wanne ya fi? A bar shi ya nemi dabara, har ya gano cewa igiya za ta iya ɗauko tsawon wannan ta kai wa wancan.

Mataki na biyu shi ne awo da abin da ke kusa. A sa yara uku da malaminsu su auna tsawon aji da taku, a rubuta amsoshin a allo. Za su bambanta, kuma wannan bambanci shi ne darasin. A bar su su yi musu a kan wanda ya yi daidai, har wani ya ce sai a yi amfani da abu iri ɗaya. Sai a kawo tsinken ashana ko murafen kwalba, a jera su a gefen littafi. Ƙa'ida uku ce a nan: a fara daga bakin abin da ake aunawa, kada a bar giɓi, kada wani ya hau kan wani. A kuma auna abu ɗaya da ashana sannan da fensir, domin yara su ga cewa ƙaramin ma'auni yana ba da lamba mai yawa, babba kuma lamba kaɗan, alhali tsawon littafin bai canza ba.

Mataki na uku shi ne yaro ya ƙera rularsa. A yanka kwali siriri, a ba shi guntayen takarda masu launi biyu, kowanne santimita ɗaya, ya liƙa su bi da bi. Da farko ya rubuta lambar a tsakiyar kowane guntu, ya ƙirga gidaje. Bayan ya saba, sai a mayar da lambar ƙarshen gidan, a nuna masa cewa 4 tana nufin an wuce gida huɗu, inda ba a wuce ko ɗaya ba kuma nan ne sifili. Yaron da ya yi wannan da hannunsa ba zai fara awo daga 1 ba, gani ya kori ji.

Sai a mataki na huɗu rular kanti za ta shigo. A nuna wa yara cewa a yawancin ruloli akwai ɗan fili kafin sifili, saboda haka ba daga bakin katako ake farawa ba. A nuna musu tana da gefe biyu, na santimita 30 da na inci 12, kuma inci ɗaya santimita 2.54 ne. Wannan bayani ya zama dole a wurinmu, domin har yau kasuwa da yadi take sayar da atamfa, dillalan fili kuma da ƙafa suke magana. Yadi santimita 91.44 ne, bai kai mita ba, shi ya sa turmi mai yadi shida bai cika mita biyar da rabi ba. Kada mu karɓi amsar da babu sunan ma'auni a cikinta. In yaro ya ce bakwai, a tambaye shi bakwai na me. Kafin kowane awo kuma a sa shi ya yi kirdado tukuna, sannan ya auna ya ga tazarar da ke tsakanin zatonsa da gaskiya. Rular da ta karye ma kada a jefar, ita ce mafi kyawun abin jarrabawa, domin wanda ya auna daidai da rular da ta fara daga 5 ya gama fahimtar darasin.

Na san abin da ke zukatanku. Ajin da ya cika ya batse, wasu yaran a ƙasa, rula ɗaya a hannun malami, ga manhaja tana kora. Wannan gaskiya ce, kuma haƙƙin reshenmu ne ya ci gaba da matsa wa hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma da kwamitocin kula da makarantu a kan kayan koyarwa da rage cunkoso, kamar yadda muke matsawa a kan albashi da ƙarin girma. Rular roba ba ta cikin kaya masu tsada, bai dace a ce aji guda ba shi da ko goma ba. Amma matakai ukun farko ba sa jiran kasafin kuɗi. Kara da igiya da kwali suna nan a kowane ƙauye, filin makaranta kuma ya ishi yara su kasu rukuni-rukuni. Ina ba shugabannin makarantu shawara su yarda a shimfiɗa wannan darasi a makonni da dama, a riƙa komawa gare shi lokaci zuwa lokaci, a kuma yi bayaninsa da harshen da yaro yake ji sosai.

Iyaye, ku ma kuna da rabo a wannan aiki. Ku tsayar da yaro a jikin bango, ku yi alama, bayan wata shida ku sake, ya auna da kansa nawa ya ƙaru. Uwa mai ɗinki ta ba 'yarta tef ta riƙe, uba kafinta ya bar ɗansa ya karanta masa lamba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Roƙona ga kowane malamin aji ɗaya zuwa uku shi ne ya yi gwajin fensirin nan a wannan mako, ya rubuta yawan waɗanda suka ce 10 da 8 da 7, ya bi matakan da muka zayyana, ya sake gwadawa a ƙarshen zango. Mu kawo sakamakon a taronmu na gaba mu duba tare, mu ga inda aka ci gaba da inda ake bukatar taimako. Allah ya ƙara mana basira da haƙuri a kan wannan amana.