Kafin mu tura kuɗin satifiket gida



Ni likita ne, amma maganar kwamfuta na zo da ita yau, domin da yawanmu a nan Xiaobei muna da ɗa ko ƙane a gida da ke neman kuɗin "satifiket". Kafin mu tura, mu san abin da muke saye.

Kamfanonin da ke ƙera na'urorin haɗa intanet ne ke bayar da waɗannan takardu, shaidar cewa mutum ya iya aiki da kayansu. Cisco na Amurka ya soma da CCIE a 1993. Matakinsa da yara suka fi nema shi ne CCNA, jarrabawarsa dala 300. Huawei, mai hedikwata a Shenzhen kusa da mu, yana da HCIA da HCIP da HCIE, kuma yana da cibiyar horo a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Ga Juniper, ga MikroTik. Kowane kamfani so yake a saba da kayansa, shi ya sa takardun suka yawaita.

Suna da amfani, don suna sa a kira yaro ganawar ɗaukar aiki. Sai dai a kula da abu uku.

Na farko, a tambaye shi inda yake son aiki, da irin na'urorin da ke wurin. Takarda ɗaya da ta dace ta fi biyar barkatai.

Na biyu, ta Cisco da ta Huawei shekara uku suke yi, sai an sabunta. A sa wannan a lissafi.

Na uku, ana sayar da tambayoyin jarrabawa da amsoshinsu, yaro ya haddace ya ci. Waye a cikinmu zai kwanta a gaban likitan da ya haddace littafi amma bai taɓa duba marar lafiya ba? Ranar da layin banki ko na asibiti ya ɗauke, hannu ake nema.

A nan muka fi kowa dama. Kullum muna loda kaya. Mu sa tsohuwar na'ura ɗaya ko biyu a kwantena, yaro ya haɗa, ya ɓata, ya gyara. Manhajar Packet Tracer ta Cisco ma kyauta ce. In ya nuna abin da ya haɗa da hannunsa, sai a biya kuɗin jarrabawa.

Allah ya yi wa zuri'armu albarka.