Tsohon Koci Ya Dawo Fage: Da Wane Mudu Za Mu Auna Shi?

Jawabin da aka gabatar a taron ɗalibai da ƙananan ma'aikata 'yan asalin Gwarzo da Kabo



Batun da muka zo da shi yau batun ƙwallon ƙafa ne, kuma mun sani akwai waɗanda za su ce bai kai a tara masu ilmi dominsa ba. To, amma duk wanda ya bi titin nan na Gwarzo da ya ratsa ta gaban sabon mazaunin Jami'ar Bayero, ya nufi Kabo, ya zarce Gwarzo a ranar da Kano Pillars ke wasa, ya ga yadda samari da dattawa ke kewaye rediyo a tasha da teburin mai shayi, ya san cewa a nan ne jama'armu suka fi yanke wa mutum hukunci da gaggawa. Abin da muke so mu duba shi ne wannan hukunci, watau yadda ya kamata a auna mutumin da ya yi aiki ya yi suna, ya ce ya ajiye, sa'an nan ya sake dawowa. Misalinmu kuwa shi ne Kadiri Ikhana.

Bari mu fara da tarihi, don kada muhawara ta tsaya a kan jita-jita. An haifi Ikhana a 1951. Ya buga wa Bendel Insurance ta Benin, yana kuma cikin 'yan wasan Nijeriya da suka ci Kofin Ƙasashen Afirka a Legas a 1980, sa'ad da suka doke Aljeriya da ci 3 ba ko ɗaya. Da ya koma horad da 'yan wasa, sai ya kai Enyimba ta Aba ga cin Kofin Zakarun Kulob-kulob na Afirka a 2003, bayan ta rinjayi Ismaily ta Masar da ci 2 da 1 a jimillar wasanni biyu. Kafin wannan shekara babu kulob ɗin Nijeriya da ya taɓa ɗaukar wannan kofi, kuma a shekarar hukumar ƙwallon Afirka ta zaɓe shi gwarzon koci.

Mu Kanawa abin da ya fi shafarmu shi ne 2008. Raccah Rovers ta Kano ta ci gasar ƙasa a 1978, shekara ta zagayo kofin ya koma Benin hannun Bendel Insurance, kulob ɗin da Ikhana yake yi wa wasa. Daga nan Kano ta shekara talatin tana jira. An kafa Kano Pillars a 1990, ta shekara 18 ba ta ɗauki kofin ba, sai a 2008 a ƙarƙashin wannan mutum. Abin mamaki, da cin kofin sai ya ajiye aikin a watan Mayu na shekarar, yana kukan cin hanci da ya yi wa harkar ƙwallo katutu.

A 2012 aka ba shi ƙungiyar mata ta ƙasa, Super Falcons. A gasar Afirka da aka yi a Ikwatoriyal Gini ƙungiyar ta ƙare ta huɗu, alhali kuwa tun daga 1998 ba ta taɓa sauka ƙasa da ta uku ba. Ya yi murabus. A watan Nuwamba na 2013, yana tare da Nasarawa United, ya ba da sanarwar ya yi ritaya daga aikin koci baki ɗaya. Ritayar ba ta daɗe ba. A 2014 ya dawo fage, a 2015 kuma ya ci wa Enyimba gasar ƙasa, karo na bakwai a tarihinta, yana da shekara sittin da 'yan kai. Ya ratsa ta Shooting Stars ta Ibadan a 2016, a Nuwamban shekarar Kano Pillars ta sake kiransa, a watan Afrilu na 2017 aka raba gari, kakar wasa ba ta ƙare ba.

To, jama'a, ga lissafin a gabanmu. Masu suka sukan ce da ya zauna gida tun 2013 da mutuncinsa ya fi cika, don zuwansa Kano na biyu bai haifar da kome ba. Masu yabo kuma sukan ce da tsohuwar zuma ake magani, su kawo 2015 hujja. Mu a ganinmu kowane ɓangare ya kama wani yanki na gaskiya ya saki saura, kuma akwai ma'auni uku da ya wajaba a ɗora mutum a kansu kafin a yi masa hukunci.

Ma'auni na farko shi ne a haɗa aikin mutum gaba ɗaya, kada a ɗauki ranarsa ta ƙarshe a ce ita ce shi. Idan muka bi shekarun nan a jere, za mu ga cewa faɗuwarsa mafi zafi, watau ta 2012, ta zo ne kafin ritaya, kofin 2015 kuwa bayanta ya zo. Ashe ke nan ba za a ce tsufa ne ya kayar da shi ba, ba kuma za a ce dawowar ce ta ɓata masa suna ba. Wata biyar na zuwansa na biyu ba su isa su goge abin da ya kawo ƙarshen jiran shekara talatin ba. Mutanen Ingila sun fahimci wannan. Kenny Dalglish ya ci wa Liverpool gasar ƙasa sau uku yana koci kafin ya sauka a 1991. Ya dawo a 2011, ya ci ƙaramin kofi ɗaya, kulob ya ƙare na takwas, aka sallame shi a 2012. Duk da haka a 2017 suka sa wa wani ɓangare na filin Anfield sunansa. Sun raba tsakanin hukuncin kaka ɗaya da hukuncin rayuwa.

Ma'auni na biyu shi ne a tambayi dalilin da ya sa aka kira shi, da kuma sharaɗin da aka gindaya. Pillars ta ci gasar ƙasa sau uku a jere, 2012 da 2013 a hannun Mohammed Baba Ganaru, 2014 a hannun Okey Emordi. Sai kofin ya tafi Aba a 2015, ya tafi Inugu wajen Rangers a 2016. Kulob ɗin da ya saba da nasara ya shekara biyu hannu rabbana, sai aka tuna da wanda ya fara buɗe ƙofa. Irin wannan kira sau da yawa kewar jiya ce ke jawo shi, masu kiran suna zaton mutumin zai dawo da shekarar da suke kewa a cikin jakarsa. Alhali 'yan wasan 2008 sun watse, abokan hamayya sun sake shiri, kiɗa ya canza. Mu dubi yadda Bayern Munich ta Jamus ta yi da Jupp Heynckes. Ya yi ritaya a 2013 bayan ya ci kofuna uku a kaka ɗaya. A watan Oktoba na 2017, yana da shekara 72, suka roƙe shi ya dawo ya riƙe musu kulob zuwa ƙarshen kaka kawai. Ya riƙe, ya ci gasar ƙasa a 2018, ya koma gida. An faɗa masa iyakar aikinsa, an kuma bar shi ya kai iyakar. Wanda aka kira a Nuwamba aka sallama a Afrilu ba a ba shi damar da za a auna shi da ita ba, don haka rabin hukuncin ya kamata ya hau kan masu kira da sallama.

Ma'auni na uku shi ne abin da mutum ya bari bayan tafiyarsa. A nan ma sai mu yi adalci ta fuska biyu. Shekara ɗaya bayan tafiyar Ikhana ta farko, Pillars ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar Afirka ta 2009, ta kai wasan kusa da na ƙarshe, daga baya kuma ga kofuna uku a jere. Ba za mu danganta masa wannan duka ba, don wasu ne suka yi aikin, amma shi ya fara cusa wa kulob ɗin yaƙinin cewa Kano ma tana iya ɗaukar kofi. Ta ɗaya fuskar kuwa, bayan rabuwar 2017 ɗan gida Ibrahim Musa ne ya karɓi ragama, shi ne kuma ya ci wa Pillars Kofin Ƙalubale a Kaduna a 2019. Wannan ya nuna cewa a wancan karo maganin yana cikin gida, ana ta hangen nesa. Masu son Ikhana ya kamata su yarda da wannan, kamar yadda masu sukarsa ya kamata su yarda da 2008 da 2015.

Yanzu bari mu dawo gida, don wannan magana ta shafi aljihunku da makomarku. Ƙa'idar aikin gwamnati ita ce mutum ya yi ritaya idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki. Amma dukanmu mun saba ganin an dawo da tsohon hedimasta, ko tsohon ma'aji, ko tsohuwar ungozoma ta asibiti bisa kwantiragi. Ƙaramin ma'aikacin da ke jiran ƙarin girma a sakatariyar ƙaramar hukuma yakan ji an tare masa hanya, kuma sau da dama yana da gaskiya. Duk ofishin da ya rasa mai riƙe shi ranar da babba ya tafi, to, babban nan bai koyar ba, ko kuwa hukuma ba ta bari ya koyar ba. Haka nan kuma akwai ƙauyukan da in ba a dawo da tsohon malamin lissafi ba, yara za su shekara ba su ga mai koya musu ba. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Sai dai in babban ya tafi bai nuna wa kowa inda ya duba ba, hangen nasa ya tafi tare da shi.

Saboda haka shawararmu ita ce, duk inda za a dawo da wanda ya yi ritaya, a fili ko a ofis, a rubuta abin da ake so ya yi, a yanke masa wa'adi, a haɗa shi da matashin da zai gaje shi, sa'an nan a bar shi ya cika wa'adin kafin a auna shi. Ku kuma da kuke horad da ƙananan kulob-kulob a filayen makarantun Gwarzo da Kabo da Garo lokacin hutu, ku fara tun yanzu da ɗora wani a kusa da ku, ku ba shi usur ya busa kuna kallo.

Game da Kadiri Ikhana, hukuncinmu shi ne dawowarsa daga ritaya ta ƙara masa kofin gasar ƙasa a Aba, ba ta ƙara masa kome a Kano ba, ba ta kuma rage masa kome daga abin da ya riga ya yi mana ba. Ranar da aka zauna rubuta tarihin ƙwallo a Jihar Kano, wajibi ne a ba 2008 babi guda, 2017 kuwa layi biyu sun ishe ta, a cikinsu kuma a ambaci waɗanda suka yi kiran.

Allah ya ba mu ikon yi wa magabatanmu adalci, ya sa na bayanmu su yi mana.