Baitulmalin Ƙaramar Hukuma Na Jiran Akanta

 

Ba a gaya wa mutumin Jos tarihin ƙungiyoyin akantoci biyu, ICAN da ANAN. Kowa a ɗakin nan ya san dokar 1965 ce ta kafa ta farko, ta biyun kuma ta soma a 1979, ta sami dokarta a 1993, kwalejinta da aka buɗe a 1984 tana nan Kwall cikin ƙaramar hukumar Bassa. An yi shekara da shekaru ana kishi irin na gidan mata biyu, ana gardamar mai lambar ACA ta ICAN ne ya fi ko mai CNA ta ANAN. Gardamar ta ci takarda, ta ci kuɗin lauya, amma ba ta daidaita littafin kuɗi ko guda ba. Yau duka ƙungiyoyin biyu mambobi ne na IFAC, ƙungiyar akantoci ta duniya. Wanda yake son ci gaba da rigimar sai ya nemi wani zauren.

Maganar da ta kawo mai lacca ita ce inda aikin yake. Yaron da ya gama karatun akanta a Jami'ar Jos, idonsa na kan Legas da Abuja, yana mafarkin kwat da laktayel a ɗaya daga cikin manyan kamfanonin binciken kuɗi huɗu na duniya. Kujerun can kaɗan ne. Aikin da ya fi yawa, ya kuma fi gaggawa, yana Wase da Kanam da Qua'an Pan da Riyom, a ofishin ma'ajin ƙaramar hukuma, inda ba mai son a tura shi.

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni Janar na Tarayya, Lateef Fagbemi, ya kai gwamnonin jihohi. Mai Shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta babban hukuncin: a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, gwamnoni su cire hannu daga kuɗin da ke bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi. 'Yan siyasa sun yi ta tafi ko tsaki, gwargwadon inda hukuncin ya taɓa kowa. Akantoci kuwa, waɗanda maganar ta fi shafa, sai suka yi gum. Alhali abin da hukuncin ke nufi a harshen sana'arsu a fili yake: baitulmali 774, 17 daga ciki a jihar Filato, kowanne zai karɓi kuɗinsa, ya rubuta shigarsa da fitarsa, ya kare kansa gaban mai bincike. An sha jan ƙafa wajen aiwatarwa, kuma a farkon 2025 jaridu suka ruwaito cewa Babban Banki na neman rahoton kuɗi na shekara biyu, wanda odita ya bincika, kafin a buɗe wa ƙaramar hukuma asusu. Ko da niyyar jinkiri aka kawo sharaɗin, ya taɓa inda ke ciwo. Ƙananan hukumomi nawa ne za su iya ɗauko wannan rahoto daga durowa su miƙa a ranar da aka tambaya?

Wanda bai taɓa zama a irin wannan ofis ba yana zaton aikin ƙanƙane ne. To, a duba. Akwai baucan biya, wanda dole ya zo da takardun da suka halatta shi kafin kashiya ya taɓa kuɗi. Akwai littafin shiga da fita da za a daidaita da takardar banki duk wata. Akwai rasit ɗin kasuwa da na tasha da na mayanka, kowane kundi da lambarsa, a san wa aka ba, nawa ya yaga, nawa ya dawo da su. Akwai jerin albashin malaman firamare da ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi, wanda nan ne ma'aikatan bogi ke kwana. Bayan haka tun 2016 Najeriya ta ce ta koma tsarin IPSAS mai lissafa har da bashi da kadara, ba tsabar kuɗi kaɗai ba. Ma'anarsa, ƙaramar hukuma ta san ajujuwa nawa ta mallaka, rijiyoyin burtsatse nawa, katafila nawa, nawa ne darajarsu bana, nawa 'yan kwangila da 'yan fansho ke binta.

Mai lacca ya taɓa shiga baitulmalin wata ƙaramar hukuma, ba zai kama sunanta ba, ya nemi rajistar kadarori. Aka kawo masa littafin makaranta mai bango ja, rabinsa gara ta ci. Motar ɗaukar marasa lafiya tana ciki a rubuce da cikakken farashinta, ita kuwa tana bayan ofis a kan duwatsu, kaji na ƙwai a cikinta. Ma'ajin mutumin kirki ne, ba ɓarawo ba. Ba wanda ya taɓa koya masa, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsa.

Abin takaicin shi ne Arewa ta san wannan aiki tun da daɗewa. Baitulmalin En'e ya kafu tun kafin haɗewar 1914, Katsina na cikin na farko, kuma ma'ajin En'e yana da kasafin shekara a rubuce, haraji da jangali kowanne da shafinsa. Tsarin na Turawan mulkin mallaka ne, talaka ya sha wuya a ƙarƙashinsa, wannan ba a musu. Amma kalmar ma'aji da kalmar baitulmali sun zauna a bakin Bahaushe ne domin akwai aiki a bayansu. Bai kamata jikan akawun En'e mai digiri biyu ya kasa abin da kakansa ya yi da alƙalami da tawada ba.

Masu cewa ba za a iya ba, su tuna da shirin SFTAS. A 2018 Bankin Duniya ya ware dala miliyan 750 domin jihohi, da sharaɗi mai sauƙin fahimta: jihar da ta wallafa kasafinta da rahoton kuɗinta da aka bincika cikin wa'adi, ta cancanci tallafi, wadda ta makara ta rasa. Nan da nan jihohin da suka saba yin shekaru ba rahoto suka koma fitar da shi duk shekara, har suna sa shi a intanet. Ba a sauko da akantoci daga sama ba. Mutanen da ke ofis tun da can su ne suka yi, da zarar aka ɗaura kuɗi a jikin wa'adi. Abin da ya yi aiki a jihohi 36 babu dalilin da zai hana shi aiki a ƙananan hukumomi.

Wasu abokan sana'a sun ce wannan duk tsohon zance ne, ƙirƙirarriyar basira ta kwamfuta za ta cinye aikin akanta nan da 'yan shekaru. An faɗi haka lokacin tsarin biyan albashi na IPPIS a 2007, an faɗa lokacin asusun bai ɗaya na TSA a 2015. Manhaja tana tara lissafi da sauri, amma ba ta hawa babur ta je ƙauye ta ga ko ajin da aka biya kuɗinsa an gina shi. Wasu kuma sun ce a bar wa manyan kamfanonin bincike. Cadbury Nigeria babban kamfani ne ke bincikar littattafansa lokacin da aka gano a 2006 an kumbura lissafinsa da biliyoyin naira, kuma bankuna biyar da Sanusi Lamido Sanusi ya kori shugabanninsu a Agustan 2009 kowanne yana da odita mai suna. Wannan ya isa amsa.

Ƙofa ta biyu bayan baitulmali ita ce kasuwa, za a taɓa ta a gurguje. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ɗauke wa ƙananan kamfanoni wajibcin naɗa odita, wasu akantoci suka yi kuka cewa an rage musu abinci. Sai ga sabbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025, waɗanda sassaucinsu ga ƙaramin ɗan kasuwa ya dogara ga yawan cinikinsa na shekara. Dillalin tumatir a Farin Gada, mai hatsi a Katako, mai lodin dankalin Turawa daga Bokkos, da me zai nuna cinikinsa in ba shi da littafi? Matashin da ya iya zama da Alhaji a rumfa, ya bayyana masa riba da uwar kuɗi da Hausa, ya riƙe masa littafi kan ɗan abin da za su daidaita duk wata, ba zai yi yawon neman aiki da fayil a hammata ba.

Abin da mai lacca ke nema ya daɗe yana faɗa, wasu a nan sun gaji da ji. A sallami dokar binciken kuɗi ta 1956 da tarayya ke jingine da ita har yau, Majalisa ta sha zartar da madadinta ana barin ta ba sa hannu. Odita Janar na ƙananan hukumomi a jiha ya sami kasafinsa kai tsaye, domin wanda ke roƙon kuɗin mai daga hannun wanda zai bincika ba zai ga komai ba. Kwalejin Kwall da ICAN su amince wata shida a baitulmalin ƙaramar hukuma ya shiga cikin horon aikin da ake buƙata kafin a ba mutum lambar zama akanta, kuma a fara da 17 ɗin nan na Filato tunda kwalejin a ƙofarsu take. Kowace ƙaramar hukuma kuma ta liƙa shafi guda a allon sanarwar sakatariya duk wata uku, da Turanci da Hausa da harshen yankin: nawa ya shigo, nawa ya tafi albashi, nawa ya tafi aiki, wane aiki, a wace gunduma, da sa hannun ma'aji a ƙasa.

Shugaban taro, daga Kwall zuwa sakatariyar Bassa ba nisa. In shugabannin kwalejin sun yarda, ɗaliban zangon nan ma za su iya soma ƙirga kadarorinta kafin damina ta sauka.