Ka Ajiye Albashi, Me Za Ka Sayar wa Asibiti?

  

An nemi in yi magana a kan masanin manhaja da ya bar aikin albashi ya koma cin gashin kansa, yana ba asibitoci da ma'aikatun lafiya shawara ana biyansa. A da, wannan lacca ce ta masu zaɓi. Yanzu kuwa kowa a zauren nan ya san abin da ya biyo bayan 20 ga Janairun 2025, ranar da Shugaba Trump ya sa hannu a dakatar da tallafin da Amurka ke ba ƙasashen waje, da yadda aka naɗe tabarmar USAID cikin 'yan watanni. Da yawa daga cikin masu buga katin "mai ba da shawara" a yau ba su ne suka ajiye aiki ba, aikin ne ya ajiye su. To, ko da ƙafarka ka fita ko rako ka aka yi har bakin ƙofa, tambayar dai ɗaya ce: me za ka sayar, wa kuma zai saya?

Amsar da na gaji da ji ita ce: "Zan haɗa manhajar asibiti." Kusan duk wanda ya zo mini neman shawara yana da wata a kwamfutarsa, rabi a gama, da shafin yankan kati, da na ɗakin magani, da hoton likita yana murmushi. Shugaban taro ya san tun ba yau ba muke wannan gardama da wasu da nake hange a layin gaba, kuma matsayina bai sauya ba. Sabuwar manhaja ita ce abu na ƙarshe da asibitocinmu ke nema. Abin da suke nema shi ne mutumin da zai riƙe wadda ke ƙasa, ya sa a ci moriyarta, ya kuma tabbatar gaskiya ake zuba mata.

Ga hujjata, kuma zan daɗe a kanta.

A binciken gida-gida na MICS da NICS da aka yi a 2016 zuwa 2017, an gano kashi 33 cikin 100 ne kawai na yaran Nijeriya suka samu zagaye na uku na allurar Penta. A Sakkwato kashi 3 ne. Ba kuskuren ji kuka yi ba, uku na ce. A daidai wannan lokaci, alƙaluman da ke tasowa daga asibitoci zuwa Abuja sun fi ninki biyu na abin da masu bincike suka tarar a ƙasa baki ɗaya. Abin ya girgiza hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa har ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan rigakafi a 2017, ta kafa cibiyar gaggawa ta NERICC. Yanzu ku tambayi kanku: wace manhaja ce ta lalace? Babu. DHIS2, manhajar da ake tattara alƙaluman a cikinta, na nan tana aiki, tana karɓar lamba, tana zana jadawali mai launi-launi. Abin da aka ba ta shi take nunawa.

Mu bi sawun lambar. A ƙaramin asibitin ƙauye akwai incaj, galibi ma'aikaciyar lafiyar al'umma ce, ita da mutum ɗaya ko biyu da 'yan sa-kai. Gabanta akwai rajistar masu zuwa ganin malamin asibiti, ta awon ciki, ta haihuwa, ta rigakafi, ta tazarar haihuwa, ta masu tamowa. Ranar rigakafi tana yi wa yaro allura, ta cika katinsa, ta ja layi a takardar ƙirge, ta kuma rubuta a rajista, ga layin mata har waje. Ƙarshen wata ta zauna ta tattara duk wannan a fom ɗin taƙaitawa. Fom ɗin ya hau babur zuwa sakatariya, jami'in sa-ido na ƙaramar hukuma ya shigar da shi a DHIS2, in akwai wuta, in akwai data. A kowace gaɓa lamba na iya karyewa. Rajista ta cika ba a kawo sabuwa ba, sai a koma littafin makaranta. An yi wa incaj sauyin wurin aiki, wadda ta gaje ta ba a taɓa nuna mata fom ɗin ba. Kuma mu faɗi gaskiya, idan a taron wata ana tsayar da ma'aikaciya a ci mata fuska don ba ta cika adadin da aka ɗora mata ba, wata mai zuwa za ta cika shi, da biro.

Wannan lambar sama ke nan a lissafin kaso, wato yaran da aka yi wa allura. Ta ƙasa, wato jimillar yaran, ta fi muni. Kashi nawa aka yi wa allura, ai sai ka san yara nawa ne a mazaɓar. Rabon Nijeriya da ƙidaya tun 2006. Daga kan wannan ƙidaya ake ta lissafin ƙari shekara bayan shekara, kamar ba a yi gudun hijira daga Borno ba, kamar ƙauyukan Zamfara ba su watse ba, kamar unguwannin bakin Kano ba su ninka ba. Shi ya sa za ka ga asibiti ya ba da rahoton ya yi wa fiye da kashi 100 rigakafi, a tafa masa. Duk wanda ya taɓa buɗe jadawalin wata jiha ya ga irin wannan.

To a nan aikin mai ba da shawara yake. Ya zauna da incaj ya ga inda take rubuta abu ɗaya sau uku ya rage mata. Ya sa wa manhajar ƙa'idar da za ta yi tuta idan Penta ta uku ta fi ta farko yawa, ko idan lambar watan nan ta yi kama da ta watan jiya harafi da harafi. Ya ɗauki rajista goma ya ƙirga da hannunsa ya kwatanta da abin da ke kan allo. Ya haɗa kai da masu taswira, domin aikin shan inna ya bar mana gādo: taswirar ƙauyuka da rugage da aka zana da hotunan tauraron ɗan'adam, da bin sawun masu ɗigo da waya, abin da ya taimaka har aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a Agustan 2020. Ya koya wa daraktan ƙaramar hukuma karanta jadawali kafin ya sa hannu. Ba aikin da ake ɗaukar hotonsa ba ne. Amma wanda ya iya shi ba ya rasa kira, kuma ba a Nijeriya kaɗai ba. DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ke jagorantar gina ta, wadda asalinta ke komawa Afirka ta Kudu bayan faɗuwar mulkin wariya, kyauta ce, kuma ƙasashe fiye da 70 ke aiki da ita. Ghana na kanta tun 2012, Nijar da Kamaru ma haka. Bahaushen da ya ƙware a kanta ya kuma ɗan taɓa Faransanci, kasuwarsa ta wuce Maraɗi.

Na san abin da za a ce. Za a ce ina kashe wa matasa gwiwar ƙirƙira. Za a ce DHIS2 ta tattara alƙaluma ce, ba ta fayil ɗin majinyaci ba. To ga OpenMRS nan tun 2004, a buɗe, an gwada ta a Kenya da Ruwanda da nan gida a asibitocin masu cutar ƙanjamau. Ka gyara ta ta dace da asibitin da ya kira ka. Za a ambaci SORMAS, manhajar sa-ido kan annoba, ni ma na yarda da ita, amma ku tuna annobar Ebola ta 2014 ce ta haife ta, daga giɓin da aka gani da ido, ba daga gasar kwana uku a otal ba. Masu cewa ƙirƙirarriyar basira za ta share mana hawaye kuwa, su fara gaya mini abin da za ta koya daga lambar da aka cika da biro.

Ba mu kaɗai muka faɗa wannan rami ba. A 2012 gwamnatin Yuganda ta dakatar da duk wani sabon gwajin manhajar lafiya ta waya, saboda sun yi yawa, kowace ƙungiya da tata, ba wadda ke magana da 'yar'uwarta. Ingila, da kuɗinta da masananta, ta ƙaddamar da shirin haɗa fayilolin asibitocinta a kwamfuta a 2002, ta rushe shi a 2011, an kuma ƙiyasta jimillar kuɗinsa da kusan fam biliyan 10. Mu namu salon irin na rijiyar burtsatse ne: a haƙa, a kafa allo, a yanke ƙyalle, ranar da famfo ya tsaya babu makaniki babu kuɗin gyara, sai a haƙa wata a gefenta. Ku shiga sito a kowace sakatariya ku ga kwamfutocin hannu a kwali, kowane rukuni da tambarin wanda ya kawo shi.

Yanzu batun kuɗi, tunda shi ne ya cika zauren nan.

Wanda ya saba jin ƙarar waya ƙarshen wata yakan manta abin da ke ɓoye bayan albashi. A dokar fansho ta 2014, ana cire maka kashi 8, mai aiki ya ƙara kashi 10. Ranar da ka fita, duka 18 ɗin sun dawo wuyanka, tare da inshorar lafiyar iyali, da kuɗin data, da man janareta, da watannin da ba kira. Wanda ya raba tsohon albashinsa gida talatin ya ce kuɗin yininsa ke nan, ya karya kansa tun kafin ya fara. Ka yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ka samu lambar haraji, ka san za a zare harajin da ake cirewa tun daga tushe kafin kuɗi ya iso hannunka, ka kuma bi takardar shaidarsa. Sannan ga darasin Yunin 2023. Aka saki naira, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 cikin ƙasa da shekara. Wanda ya sa hannu a kwangilar naira alhali yana biyan hayar rumbun ajiyar bayanai da dala, shi ya san yadda ya kwana. Gwamnati kuwa tana biya, amma sai ta ga dama. Kada ka taɓa barin abokin ciniki ɗaya ya zama shi ne tukunyar gidanka, balle ma'aikata.

Ina masu sayen suke, tunda masu tallafi sun ja baya? Ni na fi ganin su a wajen inshora. Dokar NHIA ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya, jihohi sun kafa hukumomin taimakekeniya, ga asusun BHCPF da dokar lafiya ta 2014 ta ware masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Duk wannan kuɗi ba ya motsi sai da takarda: wa aka yi wa rajista, me aka yi masa, nawa ake bi. Mai asibitin kuɗi da ake dawo masa da takardun neman biya saboda an cika su ba daidai ba, ba ya buƙatar lacca a kan zamani. Ka nuna masa inda kuɗinsa ke maƙalewa, zai biya ka daga aljihunsa, kuma zai sake kira.

Akwai abin da ba na sassauci a kai. Fayil ɗin majinyaci amana ce. Dokar lafiya ta 2014 ta hana tona shi, dokar kare bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu tsananin sirri. Amma har gobe ana tura sunayen masu ɗauke da cuta ta WhatsApp, ana kwafe rumbun asibiti guda a filas a tafi da shi gida "don a gwada wani abu". Na taɓa tarar da asibitin da ba ya iya buɗe bayanan majinyatansa, saboda wanda ya kafa musu tsarin ya riƙe kalmar sirri sai an biya shi cikon kuɗinsa. Ko da yana da gaskiya a bashin, garkuwa ya yi da marasa lafiya. A rubuta a kowace yarjejeniya: bayanai na asibiti ne, makullai na asibiti ne, ranar rabuwa a miƙa su a tsarin da wani zai iya buɗewa. Haka kuma wanda ya bar kamfani kada ya fito da manhajarsu a aljihu ya sauya mata suna.

Manyanmu na ma'aikatu da ke nan, ranku ya daɗe, ba zan zauna ban taɓa ku ba. Ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata da ke cikin tsarin mulkin 1999 ta hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da wata sana'a ban da noma. Manhaja ba noma ba ce. Matashin da ya ajiye aikinsa da gaske ba zai iya gogayya da kamfanin da ke cikin durowar wanda zai tantance kwangilar ba. Wanda ke son wannan sana'a, ƙofa a buɗe take, ya rubuta takardar ajiye aiki kamar yadda muka rubuta.

Abin da nake nema a wurinku ba sabo ba ne, kun ji shi a bakina a zaure fiye da ɗaya. Kada a sake sayen manhaja ko na'ura sai an nuna layin kula da ita a kasafin shekaru uku masu zuwa, da sunan ofishin da zai riƙe ta. Kada a karɓi wadda ba ta iya tura alƙalumanta cikin DHIS2 da kanta, domin duk wadda ba ta iya ba, incaj ce za ta sake rubutawa da hannu. A sa jami'an adana bayanan lafiya, mutanen ɗakin kati da muke wucewa ba ko sallama, a teburin da ake yanke shawarar saye. Suna da hukumar rajistarsu, sun kuma fi mu sanin inda fayil ke ɓata.

Ku kuma malaman jami'a, ɗalibin kwamfuta da zai tafi horon sanin makamar aiki na SIWES, ku daina sa masa hannu ya je ya zauna a shagon buga takardu. Ku tura shi ɗakin kati na babban asibiti, ko wajen jami'in sa-ido na ƙaramar hukuma a makon farko na wata, lokacin da fom ke shigowa. Ya dawo da rajista ɗaya da ya ƙirga da hannunsa, da lambar da ya tarar a kan allo, ya tsaya gaban kwamiti ya bayyana dalilin bambancin. A kan wannan za a ba shi maki.

Shugaba na nuna mini agogo.