ILIMIN DA YA TSAYA A AJI BAI KAI BA



'Yan'uwa ɗalibai na Anka, Gummi da Bukkuyum, ku tuna shekarar 2010. Gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukanmu, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma. Me ya jawo? Ana niƙa duwatsun zinare a cikin gida, yara suna rarrafe cikin ƙurar, suna kai hannu baki. Iyayen ba su sani ba. Alhali ga mu muna zuwa makaranta kullum!

To, shi ya sa muke cewa malamai su haɗa darasi da hidima. In an karanta babin tsarki, a fita da ɗalibai su yashe magudanar ruwa, su gyara bakin rijiya. In an karanta kimiyya, su je su zauna da masu haƙar zinare, su bayyana masu haɗarin dalma cikin ladabi. Sa'annan a dawo aji, kowa ya faɗi abin da ya gani, malam ya gyara masa.

Gobe Asabar, ku fara da unguwarku. Allah Ya ba mu ikon aiki da abin da muka sani. Wassalam.