Ufuwet Bwanyi, mai gandun da ya kashe aikin tilas

Jawabin da aka gabatar a Tsauni, cikin ƙasar Matamaye, gaban manoma, malaman makaranta da wakilan jam'iyyu.



A ƙasar Kance da Matamaye, da wuya a sami gidan da kakanni ba su bar labarin aikin tilas ba. Kumandan ya aiko wa sarki da adadin mutanen da yake so, sarki ya raba wa masu gari, gardi ya iso da bulala ya kwashi majiya ƙarfi, a tafi gyaran hanyar mota ko dakon kaya ko ginin bariki, wani lokaci ma shuka tana jiran noman farko. Wanda ya kasa jurewa sai ya ɗaure kayansa da dare ya ƙetara iyaka zuwa ƙasar Daura, inda Ingilishi ke mulki. Doka ce ta kashe wannan azaba ranar 11 ga Afrilu 1946, kuma dokar tana ɗauke da sunan wani mutumin kurmi, ɗan sarauta, likita, ɗaya daga cikin manyan masu gandun kakawo da kafe na Kodibuwa: Félix Houphouët-Boigny, wanda bakin jama'a ya mayar Ufuwet Bwanyi. Abin da ya kamata a tsaya a kai shi ne dalilin da ya sa mai gandu, wanda arzikinsa ke bisa gumin leburori, ya zama shi ne ya miƙe a majalisar Faransa ya ce a daina kama mutane aiki.

Takardun gwamnati sun ce an haife shi a 1905 a Yamusukuro, cikin ƙabilar Baule, gidan sarautar Akuwe. A 1910 aka kashe kawunsa Kwasi Ngo, wanda wasu ƴan'uwansa suka zarga da haɗa baki da Nasara, kuma tun yana yaro aka san shi ne magajin kujera. Ya yi karatu a makarantar William Ponty ta Senegal, ya wuce makarantar likitoci ta Dakar, ya fito na ɗaya a 1925. Aikin likita ya kai shi Abenguru, tsakiyar ƙasar kakawo, inda ya ga yadda kamfanonin Turawa ke cutar manoma a bakin sikeli. A Disamba 1932 ya rubuta wata maƙala da sunan aro, wadda takenta ke nufin satar da aka yi wa manoma ta isa. Bayan rasuwar ƙanensa a 1939 ya ajiye allura ya karɓi sarautar Akuwe, ya kuma duƙufa faɗaɗa gandun da ya gada.

A nan ne asalin maganar yake. Kakawo da kafe suna son hannu da yawa, kurmi kuwa ba shi da yawan jama'a. Don haka a 1932 Faransa ta rushe Haute-Volta, wato Burkina Faso ta yau, ta manna ƙasar Mosi ga Kodibuwa domin a riƙa kwasar mutane zuwa kudu, ta ba Nijar yankin Fada Ngurma da Dori. Turawa masu gandu ba su da yawa, amma su ake fara ba leburorin da aka kamo, a kan ladan da bai taka kara ya karya ba. A lokacin yaƙin duniya na biyu abin ya ƙara muni: aka hana baƙar fata masu gandu rabonsu na ma'aikata, aka riƙa sayen amfaninsu da farashin da bai kai na Bature ba, har ta kai ana iya kama manomi ya bar gonarsa ya je ya yi wa Bature aiki. A 1944 Ufuwet da abokansa suka kafa sandikar manoman Afirka, da amincewar gwamna André Latrille, kuma ba da jimawa ba mambobinta suka kai wajen 20,000. Ba ƙungiyar leburori ba ce. Ƙungiyar masu ɗaukar leburori ce, waɗanda suka gane cewa idan aka bar mutum ya zaɓi inda zai yi aiki, gonar Bature ce za ta bushe, domin su suna iya ba ma'aikaci lada mai kyau ko kashi ɗaya cikin uku na amfanin gona. Ufuwet ya hau arewa ya daidaita da Gbon Kulibali, babban sarkin Korhogo, da sarakunan Mosi, mutane suka fara sauka kudu da ƙafarsu ba tare da igiya ba.

Tarihi ya taɓa ganin mai gandu a gaban gwagwarmayar ƴanci. Joj Washinton, wanda ya ja ragamar yaƙin Amurka da Ingila daga 1775, ya kuma zama shugabanta na farko a 1789, ya rasu a 1799 da bayi fiye da 300 a gandunsa na Bajiniya. Shi ƴancin da ya nema bai shiga ɗakin bayi ba yana raye. Na Ufuwet ya shiga, kuma wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Sai dai dukansu biyu, abin da ya fara fitar da su daga gida shi ne kasuwar amfanin gona da mai mulkin mallaka ya riƙe musu a wuya.

A ƙarshen 1945 aka zaɓe shi depite a majalisar tsara kundin mulki ta Faransa, a lokacin ne kuma ya ƙara wa sunansa Bwanyi, wato rago da harshen Baule. Nijar ba ta da wakilin kanta a waccan majalisa, an haɗa ta da Sudan ta Faransa a ƙarƙashin Fili Dabo Sisoko, wanda ya mara wa dokar baya tare da sauran wakilan Afirka. Dokar gajera ce, aya uku, ta farko ta haramta aikin tilas baki ɗaya a duk ƙasashen da Faransa ke mallaka. Taron Barazabil na 1944 ya ce a janye shi sannu a hankali cikin shekara biyar, sai ga shi an tsinke igiyar dare ɗaya. Mutumin Tsauni da ya yi noman damanar 1946 ba tare da fargabar gardi ba bai san sunan Yamusukuro ba, bai kuma san rigimar masu kakawo ba. Ruwan da aka yi don wata gona ne ya shayar da tasa. Wannan bai rage wa dokar daraja ba, ko da miskala zarratin.

A Oktoba 1946 aka kafa RDA a Bamako, Ufuwet ya zama shugabanta, jam'iyyar PPN ta su Hamani Diori da Bubu Hama da Jibo Bakari ta zama reshenta a Nijar. Waɗannan su ne shekarun da za a iya kiran sa ɗan juyin juya hali. RDA ta jingina da jam'iyyar kwaminis ta Faransa, gwamnatin mallaka ta huce a kanta: aka kulle shugabannin jam'iyyarsa a 1949, mata suka yi tattaki zuwa kurkukun Garan Basam a Disambar shekarar, aka harbe mutane a Dimbokoro a Janairu 1950. Daga nan ya yi lissafi irin na mai dukiya. A Oktoba 1950 ya raba gari da kwaminis, ya daidaita da Faransuwa Mitera, wanda ke riƙe da ma'aikatar ƙasashen ƙetare, zuwa 1956 kuma ya zama minista a gwamnatin Faransa.

Wannan juyi da aka yi a Paris shi ne ya tsaga gidan siyasar Nijar. Diori ya bi Ufuwet, Jibo Bakari ya ƙi, ya kafa tasa jam'iyyar a 1954, wadda daga baya ta zama Sawaba, mai ƙarfi a Damagaram da Tasawa, musamman cikin ƴan kasuwa, direbobi da ƴan ƙwadago. Jibo ya karɓi gwamnati a 1957. Da De Gol ya kawo ƙuri'ar i ko a'a ta 28 ga Satumba 1958, Ufuwet yana ministansa, yana cikin waɗanda suka tsara kundin, Kodibuwa ta ce i kusan baki ɗaya. Jibo ya ce a'a. Aka aiko gwamna Kolombani, sarakuna da dama da suka bi Sawaba suka juya mata baya, i ta rinjaya, yawancin masu rajista ma ba su fito ba. Ranar 18 ga Disamba Diori ya hau, a Mayu 1959 ya shiga ƙawancen Antanti tare da Kodibuwa, Haute-Volta da Dahome, a Oktoba aka haramta Sawaba. Ƙasashen huɗu a jere suka karɓi ƴancin kai a Agusta 1960, ranar 1, da 3, da 5, da 7, kamar masu fita daga ɗaki guda. Nijar ba ta sake ganin jam'iyyu suna takara a fili ba sai bayan babban taron ƙasa na 1991. Ba za a ɗora wa Ufuwet wannan kaya shi kaɗai ba, ƴan ƙasa ne suka sa hannu a takardun. Amma inuwarsa suka fake. Ko a 1965, bayan Sawaba ta ɗauki makami a 1964 an kuma jefa wa Diori gurneti a filin idi, shugabannin Antanti gaba ɗaya sun ƙaurace wa taron ƙungiyar haɗin kan Afirka na Akara saboda Kwame Nkuruma ya ba mutanen Jibo mafaka.

Shekara 33 ya yi yana mulki, kuma kamar gandu ya riƙe ƙasar. Mai gandu ba ya son hayaniya, ya fi son ya kira mai ƙorafi ya ba shi abinci da muƙami. Idan hakan bai yi ba, akwai kurkukun Asabu a Yamusukuro, inda aka tsare ministocinsa a 1963 bisa zargin makircin da shi da kansa ya yarda daga baya cewa ƙage ne, bayan Ernest Boka, tsohon shugaban kotun ƙoli, ya mutu a tsare a 1964. Ta wajen noma kuwa ya yi abin da ya iya. Ya ce ƙasa ta wanda ya raya ta ce, ya buɗe iyaka, Mosi da mutanen Mali suka cika gonaki, Hausawa da Zabarmawan Nijar suka cika kasuwannin Tareshbil da Ajame da fatauci, sayar da nama da dako. A tsakiyar shekarun 1960 ya so a ba ƴan Antanti takardar zama ƴan ƙasa biyu, mutanensa suka ƙi, ya janye. Kafin 1980 Kodibuwa ta zama ta ɗaya a duniya wajen kakawo. Baƙi sun yi masa zaɓe, sun yi masa noma, amma yawancin gonakin da suka sare ba su da takarda. Amincinsu maganar bakin tsoho ce.

Manomin gyaɗa zai gane yadda kuɗin ke tafiya, domin an yi masa irinta. A Kodibuwa asusun daidaita farashi na gwamnati ke tsaida kuɗin kilo, ya riƙe rarar da ke tsakaninsa da farashin duniya. A Nijar, daga 1962, SONARA ce ke da ikon fitar da gyaɗa, lokacin da gyaɗar Matamaye, Magarya da Maraɗi ke kawo fiye da rabin abin da ƙasa ke samu daga waje. Rarar ta gina ofisoshi a Yamai kamar yadda ta gina benaye a Abijan. Fari na farkon shekarun 1970 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka karya wannan noma, masana'antar matsar mai ta Matamaye ma daga baya ta yi shiru. Na kakawo ya ɗan jima. Da farashi ya faɗi, Ufuwet ya daina biyan bashin waje a 1987, ya hana sayar da kakawo na tsawon fiye da shekara yana zaton ƴan kasuwar Landan za su durƙusa. Ba su durƙusa ba. A 1989 aka rage wa manomi kuɗin kilo daga sefa 400 zuwa 200, wato daga dala 80 zuwa dala 40. Mutumin da ya shiga siyasa da kukan an saci manoma shi ne ya raba kuɗinsu biyu, a daidai lokacin da ake kammala babban cocin Yamusukuro, wanda Paparoma Yahaya Bulus na biyu ya keɓe a Satumba 1990. Ya ce da kuɗin aljihunsa ya gina. Tun a 1983, lokacin yajin aikin malaman makaranta, ya faɗa a fili cewa yana da dukiya a Suwis, bai ga abin kunya a ciki ba. Matsalar ita ce babu wanda ya isa ya bincika inda aljihun mai gandu ya ƙare, na gwamnati ya soma.

A 1990 zanga-zanga ta tilasta masa buɗe fagen jam'iyyu, ya kayar da Loran Bagbo a zaɓe yana tsoho tukuf. Ya rasu ranar 7 ga Disamba 1993, wata guda bayan haka aka karya darajar sefa da rabi. Magajinsa Konan Bediye ya fito da siyasar tantance ɗan ƙasa na asali. Dokar filaye ta 1998 ta ce baƙo ba ya mallakar ƙasar noma, a 1999 aka kori dubban ƴan Burkina daga yankin Tabu, a Disambar shekarar soja suka yi juyin mulki, ranar 19 ga Satumba 2002 kuma yaƙi ya raba ƙasar biyu, rikicin bai lafa ba sai 2011. Cikin waɗanda suka ɗaure abin da ya rage musu suka nufo arewa a waɗannan shekaru har da ƴan Nijar, wasunsu an haife su a Abijan, ba su taɓa ganin garin ubanninsu ba sai ranar da mota ta sauke su.